"Takarda Ta Fito Daga Hannun Wane": Nazarin Wasiƙun Zumunci Tsakanin Mutanen Ƙasar Bauchi da Danginsu Mazauna Sudan

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci wasiƙa, abin da yakan fara faɗo wa ɗalibi a rai shi ne darasin insha'i na sakandare, wato adireshi a hannun dama, kwanan wata a ƙarƙashinsa, sannan "Zuwa ga" a hannun hagu. Wannan tsari da boko ya zo mana. Amma tun kafin zuwansa Hausawa da maƙwabtansu suna da nasu tsarin rubuta wasiƙa, mai ƙa'idoji sanannu, wanda malaman zaure suka riƙa gadar wa almajiransu.

Wannan maƙala za ta yi tsokaci a kan irin wasiƙun da suka riƙa kai da kawowa tsakanin iyalai na ƙasar Bauchi da danginsu da suka yi Gabas suka zauna a Sudan, a zamanin da ƙasashen biyu suke hannun Turawan Ingila, wato daga 1903 zuwa 1956. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, irin wannan wasiƙa shaida ce kafin ta zama gaisuwa. Da ita ake sanin wane yana raye, wance ta fita daga igiyar aure, gona kaza tana nan a matsayin amana. Wannan nauyi da ta ɗauka shi ne ya tsara mata harshe, har ya zamana kowane sashe nata yana da aikin da yake yi.

Ni dai da Jaranci na buɗe baki, a layukan Yelwa na tsinci Hausa, ajami kuwa sai da na shigo jami'a na zauna na koye shi sosai. Na dogara a kan abubuwa biyu wajen wannan nazari. Na farko, abin da masana tarihi suka tabbatar. Na biyu, wasu tsofaffin takardu guda uku da wani gida na maƙwabtanmu a Yelwan Tudu suka ba ni izinin dubawa. Asalin gidan daga ƙasar Misau suke, kuma sun nemi kada in ambaci sunan kowa.

2.0 Waiwaye Adon Tafiya: Yadda Aka Tafi Gabas

Hanyar hajji ta ƙasa tsohuwar hanya ce. Sai dai a shekarun 1880, da labarin bayyanar Mahadi a Sudan ya iso ƙasar Hausa, jama'a suka fara kwarara Gabas, har Nana Maryam 'yar Shehu Usmanu ta rubuta wa Sarkin Kano wasiƙa tana nuna cewa lokacin hijira bai yi ba tukuna.

Babbar ƙaura ta auku ne bayan zuwan Turawa. Sun ci Bauchi a watan Fabrairu na 1902, Kano a Fabrairu na 1903, Sakkwato kuma a Maris na wannan shekara. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya zaɓi hijira, jama'a masu yawa suka mara masa baya, cikinsu har da Sarkin Misau Ahmadu. A ranar 27 ga Yuli, 1903 aka gwabza a Burmi, cikin ƙasar Gombe, wadda ta kasance tare da Bauchi a lardi ɗaya, daga baya kuma a jiha ɗaya har zuwa 1996. A nan Attahiru ya rasu. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja waɗanda suka tsira, suka isa gaɓar Shuɗin Nilu wajen 1906, inda suka kafa garin da har yau ake kira da sunansa, kudu da birnin Sinnar.

Bayan waɗannan sai talakawa maniyyata suka bi sawu. Akan tashi daga ƙasar Bauchi a bi ta Maiduguri, a ƙetare zuwa Fort Lami wadda ita ce Injamena a yau, a bi ta Abeshe da Janaina da Fashir har Ubayyid, inda jirgin ƙasa ya iso a 1912. Daga nan sai Sawakin a bakin Bahar Maliya, sannan Jidda. Tafiya ce ta ƙafa ko jaki ko takarkari, kuma takan ci shekaru, domin duk inda guzuri ya ƙare sai an tsaya an yi noma ko ƙodago. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aikin ƙodago ya samu, mutane da yawa suka tsaya a Wad Madani da ƙauyukanta, wasu kuma a Gadarif da Kasala. Mutanen Sudan suka sa musu suna Fallata ko Takari.

Ya kamata a lura cewa ba duka ne Hausawa ba. Akwai Fulani da Barebari da Bolawa da sauran ƙabilu, amma Hausa ce ta haɗa su a hanya da zango. Ke nan da yawa daga masu aika wasiƙun nan irina ne, wato masu Hausa a matsayin harshe na biyu.

3.0 Ma'anar Wasiƙa da Masu Hannu a Cikinta

Kalmar wasiƙa ararriya ce daga Larabci. Harafin nan mai ɗigo uku da Balarabe yake furtawa da harshe tsakanin haƙora shi ne ya koma /s/ a bakin Bahaushe, kamar yadda ya faru a kalmomin Usman da sulusi. Abin sha'awa shi ne, a Larabci kalmar tana nufin takardar shaida ko ta yarjejeniya, kuma tushenta ɗaya da kalmomin aminci da tabbaci. Wasiƙa irin ta saƙo kuwa risala Larabawa suke ce mata. Wato Bahaushe ya ɗauki sunan takardar shaida ya ba takardar saƙo, kuma wannan ya dace da aikin da ta yi masa.

Rubuta wasiƙa fanni ne na ilimi mai zaman kansa. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858 ya rasu a Kete-Kirachi ta ƙasar Gana ta yau a 1934, ya wallafa littafi da Larabci a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa tun wajen 1877, yana saurayi. Sarakuna da Larabci suke wasiƙunsu, kamar yadda ake gani a cikin takardun da Turawa suka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927. Talakawa kuwa sukan gauraya, a buɗe da Larabci a rufe da shi, a zuba cikin magana da Hausar ajami.

Mutum huɗu ne suke da hannu a kowace wasiƙa. Akwai mai saƙo, wanda sau da yawa bai iya rubutu ba. Akwai malamin da ya rubuta masa. Akwai manzo, galibi alhajin da yake kan hanyar komawa gida. Akwai kuma malamin da zai karanta a zaure, jama'ar gida suna saurare, mata suna ji daga bayan danga. Saboda haka babu asiri a cikinta irin na wasiƙar ambulan. Magana ce ta bainar jama'a da aka ɗaure a takarda.

4.0 Sigar Wasiƙar

Domin sauƙaƙa bayani, ga samfuri da na tsara da kaina bisa ƙirar takardun da na duba. Na sa "wane" da "wance" a gurbin sunaye:

Bayan Bisimilla da salati. Takarda ta fito daga hannun wane ɗan wane jikan wane, mutumin gari kaza, wanda ya sauka a ƙasar Sinnar, zuwa ga wansa wane. Gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Bayan haka, Yaya, ina sanar da kai muna nan lafiya. Mun yi damina huɗu a nan muna tara guzuri, in Allah ya yarda baɗi mu ƙetare. A gai da Inna, a gai da Baffa, a gai da Gwaggo, a gai da mutanen ɗakina da yara. Ina yi muku ta'aziyyar wane, Allah ya yi masa cikawa a watan Safar, a gabana aka binne shi, da wane da wane suna tsaye. Gonata ta bakin rafi kuwa ka ci gaba da nomawa, kada a sayar, kada a raba. Mai kawo takardar nan, Alhaji wane, ya ci tuwo a gidana, abin da ya faɗa muku ni na faɗa. Na ba shi turare da zane ɗaya na Inna. Alama tsakanina da kai, ranar da muka rabu a gindin tsamiya ka ba ni butarka. Haza wassalam.

4.1 Buɗewa da Nasaba

Za a ga an jero sunan mutum da na ubansa da na kakansa da garinsu. Wannan shi ne adireshi. A ƙasar da kowane gida yake da Muhammadu da Abubakar, kuma manzo zai yi watanni yana tambaya gari gari, nasaba ce kaɗai take kai takarda ƙofar da aka nufa.

4.2 Jerin Gaisuwa

Mai karatu na yau zai iya ganin wannan sashe ya yi tsawo. A takarda ta farko da na duba, gaisuwa ta cinye fiye da rabin shafi. Amma jerin yana bin girma, daga iyaye zuwa ƙannen iyaye, zuwa yayye, zuwa yara, kuma kowa a zaure yana kasa kunne ya ji an zo kansa. Wanda aka tsallake ya san akwai magana. Har ila yau, jerin yana nuna wa mutanen gida inda labarinsu ya tsaya a wurin ɗan'uwansu, domin idan ya gai da wanda ya shekara uku a ƙasa, sun san takardarsu ta baya ba ta isa ba.

Ta fuskar nahawu, a lura da wakilin sunan nan "a" wanda ba ya nuna jinsi ko adadi: a gai da, a faɗa wa, kada a sayar. Takardar sunan mutum ɗaya ta ɗauka, amma umarnin na duk wanda ya ji ne. Sannan akwai alkunya. Mai saƙo ba ya kama sunan matarsa ko na ɗansa na fari, sai ya ce "mutanen ɗakina" ko "yaron nan".

4.3 Labarin Rai da Mutuwa

A nan ne wasiƙa take zama shaida sosai. Za a ga an sakaya mutuwa da kalmomi masu taushi, kamar "ya cika" ko "ya riga mu gidan gaskiya", amma nan take sai a biyo da wata, da wuri, da sunayen waɗanda suka tsaya a kan kabari. Dalili shi ne hukuncin wanda ya ɓace a mazhabar Malikiyya. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya nuna cewa matar wanda ya ɓace za ta kai ƙara, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba ta wata huɗu da kwana goma kafin ta yi wani aure. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye, wanda Muhtasar na Halilu ya fara ambatar saba'in. Ke nan layi biyu na ajami masu ɗauke da sunayen shaidu suna iya taimaka wa alƙali ya yanke wa mace jiran shekaru, ya kuma buɗe wa marayu gadonsu.

Haka abin yake ga saki. Takarda ta biyu da na duba, wani ne ya aiko wa wansa cewa tafiya ta yi tsawo, ya sawwaƙe wa matar da ya bari saki ɗaya, kada a karɓi komai daga hannunta, ɗiyarsu kuma ta zauna wurin uwarta har ta isa aure. Mutanen gidan sun shaida mini cewa takardar ta shekara biyu a hanya, kuma sai da aka kai ta gaban alƙali tare da manzon kafin matar ta fara idda. Wannan ɗiya ita ce kakar masu gidan na yanzu, shi ya sa takardar ta tsira a cikin gafaka.

4.4 Manzo da Alama

Sarki yana da hatimi, talaka ba shi da shi, kuma hannun da ya yi rubutun ma ba nasa ba ne. To, da me za a gane takarda ta gaskiya ce? Da abu biyu. Na farko, a ambaci sunan manzo a cikinta, a kuma lissafa tsarabar da aka ba shi, don kada a yi musu. Na biyu, a kawo alama, wato wani ɗan abu da ya faru wanda mutum biyu kaɗai suka sani, kamar zancen buta a gindin tsamiya.

Akwai kuma maganar da ba a sa ta a takarda, sai a ce tana bakin mai kawowa. Wani dalilin kunya ne, wani kuma tsoro. Turawa sun sa ido ƙwarai a kan takardun da suke fitowa daga Gabas saboda fargabar Mahadiyya. A 1923 suka kama Shehu Sa'idu ɗan Hayatu a Dumbulwa ta ƙasar Fika bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi Buea ta Kamaru. A tsakiyar shekarun 1920 kuma wani jami'insu, G. J. Lethem, ya bi hanyar alhazai har Sudan da Jidda yana bincike, aka fitar da rahoto a 1927. A cikin takardu ukun da na duba babu inda aka ambaci Nasara ko haraji ko sunan wani shugaba. Shirun nan ma bayani ne ga mai nazari.

4.5 Rufewa

Da "Haza wassalam" ake rufewa, ma'ana wannan ke nan, sai aminci. Sau da yawa akan ambaci wata amma ba a sa shekara, sai dai lissafin damina. Mai nazari yakan kintaci zamanin takarda daga jikinta. Ta farko a cikin ukun, idan aka ɗaga ta a hasken rana, ana ganin hoton jinjirin wata uku a jere, tambarin takardun da ake yi a arewacin Italiya ana kawowa ƙasashenmu ta hannun fatake. Ta biyu a kan takardar littafin makaranta mai layi aka yi ta. Ta uku kuwa ta gidan waya ta zo, da kan sarki na Sudan mai hoton mutum bisa raƙumi ɗauke da jakar wasiƙu.

5.0 "Muna Kan Hanya": Kalmomin da Wasiƙa Take Gudu

Wani abin lura shi ne zaɓen aikatau. Masu wasiƙun nan sukan ce mun sauka, mun yada zango, muna jira, muna tara guzuri. Ba su cewa mun ƙaura ko mun zauna, ko da kuwa sun gina gida sun aurar da 'ya'ya. Masanin nan C. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995 a kan Hausawan Sudan, ya nuna cewa har jikoki da tattaɓa kunnen da aka haifa a can suna kiran kansu alhazai masu kan hanya.

A ganina dalilai biyu ne suka haifar da wannan. Na farko shi ne niyya, domin wanda ya fito don sauke farali ba ya son bakinsa ya furta cewa ya fasa. Na biyu shi ne haƙƙi a gida. A al'adar ƙasarmu gonar matafiyi amana ce a hannun danginsa, amma gonar wanda ya ƙaura ya bar ta takan koma hannun mai gari ya ba wani. Saboda haka kalmar "baɗi" da take maimaituwa a wasiƙa ita ce shingen gonar.

Sai dai abin ya zame musu gaba kura baya sayaki. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a ƙasar tun ranar 31 ga Disamba, 1897. Waɗanda suka iso bayan Burmi ba su cika wannan sharaɗi ba. A gida ana lissafa su cikin matafiya, a can kuma cikin baƙi.

6.0 Abin da Ɗalibin Harshe Zai Tsinta

6.1 Karin Harshe

An yi waɗannan rubuce-rubuce ne ba tare da bin Daidaitacciyar Hausa ba, domin ƙamusun Bargery sai a 1934 ya fito, Hukumar Harshen Hausa kuma sai a 1955 aka kafa ta, kuma duk boko suka shafa. Malamin ajami yadda aka faɗa masa yake rubutawa. Shi ya sa na tarar da Bausanci da Guddiranci ƙarara, kamar rashin bambanta jinsi a "gonan" da "matan wane" maimakon "gonar" da "matar wane", da kuma jinkirta karɓau kaikaitau, a ce "ka sayi goro ma Baffa" maimakon "ka saya wa Baffa goro". Wannan ita ce Hausar da muke yi a kasuwar Yelwa har gobe. Malamanmu sukan ja mata jan biro a takardar jarrabawa, kuma da gaskiyarsu ta fuskar ƙa'ida, amma takardun nan sun nuna cewa kari ne mai tsohon asali.

6.2 Tarkon Ajami

Ajami ya fi boko ta wani fanni, domin yana nuna tsawon wasali, ya bambanta gari na zama da gari na tuwo. Amma yana da nasa tarko. Rufu'a ɗaya ce take wakiltar /u/ da /o/, don haka kura da kora sukan zo da siffa ɗaya. Marubuta da yawa ba su bambanta /b/ da /ɓ/, kuma ba kullum ake raba kalmomi ba. Ke nan "ya ba ta kuɗi" da "ya ɓata kuɗi" suna iya zama rubutu ɗaya. A wasiƙar da ta shafi amana, wannan ya isa ya raba zumunci, kuma yana cikin dalilan da suka sa ake son manzo ya zauna a wurin karatu.

6.3 Sauyin Hannu

A hannunmu na nan, wanda ya samo asali daga Magrib, fa ɗigo ɗaya gare ta a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A hannun Gabas, wanda ake koyarwa a makarantun Sudan, fa ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Takardu biyu na farko da hannun gida aka yi su, ta uku da hannun Gabas. Wanda ya saba da na gida zai karanta fa ta Gabas a matsayin ƙaf, sai "an fara" ta zame masa "an ƙara". Wurin ɗigo kaɗai ya isa ya nuna cewa marubucin a can ya yi karatu.

6.4 Aro da Zaizayewar Harshe

A takarda ta biyu kalmomin Larabcin Sudan sun fara shigowa, kamar hawasha, wato gonar da ake ba manomi a Jazira, da girshi na kuɗi, da dura a maimakon dawa. A ta uku, wadda jikan mai takarda ta biyu ya aiko, kusan komai da Larabci ne. Abin da ya rage na Hausa shi ne jerin gaisuwa, da Inna da Baffa da Gwaggo da Kawu. Waɗannan ma asalinsu daga Fulatanci Hausa ta aro su. A wannan gida dai, sunayen dangantaka su ne suka fi kowane rukunin kalmomi jure wa nisa.

7.0 Halin da Ake Ciki da Aikin da Ke Gabanmu

Daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai, hanyar ƙasa ta yi ta raguwa, manzanni suka yi ƙaranci. Gidan waya ya karɓa, sannan kaset, yau kuma saƙon murya na WhatsApp. Duk wanda ya saurari dattijo yana aika irin wannan saƙo zai ji tsohon tsari, ya faɗi sunansa da na ubansa, ya jero gaisuwa bisa girma, sannan ya ce "bayan haka".

Takardun kansu kuwa suna cikin haɗari. A 2022 an yi rikici a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu a kan ƙasa da sarauta, aka rasa rayuka da gidaje. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya ci Wad Madani a Disamba na wannan shekara, ya kai Sinja ta jihar Sinnar a Yuni na 2024. Wanda ya gudu da ransa ba ya tsayawa ɗaukar gafaka. A nan gida kuma gara da ɗigar ruwa suna nasu aiki, wasu magada kuma sukan ƙone ko su binne duk takarda mai rubutun Larabci don girmama sunan Allah, ba tare da an karanta ba.

Don haka ina ba 'yan'uwana ɗalibai shawara, musamman masu neman batun kundin digiri. Idan an je hutu a tambayi tsofaffi ko akwai wanda ya yi Gabas a dangi. Idan an samu takarda, a nemi izini tukuna, a ɗauki hotonta gaba da baya, a ɗaga ta a haske a ɗauki tambarin. Kada a manna mata salatif, kada a like ta a roba. Wajen juya ta zuwa boko a rubuta yadda take, kada a gyara mata Hausa. A naɗi bayanin dattijon da ya san labarinta, domin alama da saƙon baka suna wurinsa. Idan masu ita sun yarda, a kai kwafi Gidan Arewa ko Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, a kuma sakaya sunaye idan zancen ya shafi saki ko gado.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala an ga yadda mutanen ƙasar Bauchi suka tafi Sudan, da yadda wasiƙa ta riƙe zumunci tsakaninsu da gida. An nuna cewa nasaba ita ce adireshi, gaisuwa ƙidayar dangi ce, ta'aziyya shaida ce a gaban alƙali, alama kuma ita ce hatimin talaka. An kuma ga abin da ɗalibin harshe zai amfana da shi ta fuskar kari da ajami da aron kalmomi. Takardu uku na gida ɗaya kawai na duba. Tsakanin Misau da Darazo da Azare da cikin garin Bauchi akwai gidaje masu irin wannan tarihi, kuma dattawan da za su iya warware mana abin da ke cikin takardunsu kullum raguwa suke yi. Allah ya ba mu ikon cim musu.